Shafi na tsalle: a sake mouse ko a taɓa saitin Chrome?

Laptop ɗina a shago nan Kawo, in na murza tayar mouse shafin ya gangara sai kuma ya yi tsalle ya koma sama, abin haushi wallahi. Ƙanina ya ce in shiga Settings, System, in kashe graphics acceleration (saitin da ke taimaka wa Chrome nuna hoto da bidiyo da sauri) in sake buɗe Chrome, ba ka kashe ko sisi, amma fa bidiyo kan ɗan yi nauyi bayan nan, kuma in matsalar ta tayar ce ka yi aikin banza. Ɗaya hanyar ta mouse ce, ƙurar hunturun nan tana shiga cikin tayar, ka hura ta ko ka sayi sabo a kasuwar Gumi. Ni dai na fara gwadawa da kibiyoyin keyboard, shafi ya tafi sumul, ke nan matsalar ta mouse ce, ba ta Chrome ba. Ashe ƙura ce.