Static route ko OSPF, amsa ga ɗan'uwanmu mai lab ɗin Samaru da Kongo

Salam jama'a. Ɗan'uwanmu ya turo hoton lab ɗinsa na Packet Tracer (manhajar Cisco ta koyon haɗa netwok), rauta biyu, wato na'urorin da ke tura saƙo daga netwok zuwa wani, ɗaya ya sa mata suna Samaru ɗaya Kongo, ya haɗa su da kebul ɗin siriyal. Ya ce in ya yi ping (saƙon gwaji da ake jiran amsarsa) daga kan rautar Samaru zuwa kwamfutar Kongo tana zuwa lafiya lau, amma daga kwamfutar Samaru sai Request timed out, kuma wai wani ya ce masa ya watsar da static ya koma OSPF kawai ya huta, wato hanyoyi biyu na sanar da rauta inda za ta tura saƙo. To wanne ya fi?

Malam tukuna dai. Kowanne ka zaɓa sai layin tsakani na da rai, don haka ka fara buga show ip interface brief. In ka ga administratively down to no shutdown ka manta, in up ne da down ka duba clock rate 64000 a ɓangaren DCE, wato gefen kebul ɗin da ke saita saurin layin, ko kuma rautocin ba yare ɗaya suke yi a layin ba, ɗaya na kan HDLC da Cisco ke zuwa da shi ɗayar kuma ka sa mata PPP. Kai dai naka layin garau yake tunda ping na tsallakawa, na faɗa ne saboda sauran 'yan guruf.

Static shi ne kai da hannunka ka gaya wa kowace rauta inda za ta bi. A hoton naka layin tsakani 10.0.0.0 ne da mas (lambar da ke nuna girman netwok ɗin) 255.255.255.252, Samaru .1 Kongo .2, kuma na ga ka rubuta ip route 192.168.2.0 255.255.255.0 10.0.0.2 a Samaru, daidai ne wannan. Amma a Kongo ba ka rubuta komai ba, kamar ka ba yaro kuɗin motar zuwa Sabon Gari ne ba ka ba shi na dawowa ba. Saƙon ya isa, amsar ce ta rasa hanya. Abin da ya ruɗe ka kuma shi ne in ka yi ping daga kan rautar, da adireshin 10.0.0.1 take fita, shi kuwa Kongo ta san shi tunda a jikinta yake, amma kwamfutarka da 192.168.1.10 take fita kuma Kongo ba ta taɓa jin labarin wannan netwok ɗin ba sai ta yar da amsar ta yi shiru abinta. Ka gwada tracert (mai nuna kowace rauta da saƙo ya bi) daga kwamfutar, za ka ga 192.168.1.1, wato rautar Samaru, ta amsa daga nan sai taurari (* * *), alamar ba amsa. Je Kongo ka buga ip route 192.168.1.0 255.255.255.0 10.0.0.1, shi ke nan fa, layi ɗaya.

Halin static ke nan, in ya lalace ba ya magana, sai ka bi rauta ɗaya bayan ɗaya da show ip route kana neman harafin S, alamar static a teburin hanyoyin rautar. Ga shi aikin na ƙaruwa da sauri, ka ƙara rauta ta uku ka ce mata Shika layi shida za ka rubuta kafin kowa ya ga kowa, in huɗu ne 12. In layin Samaru da Kongo ya yanke kuma ba zai zagaya ta Shika da kansa ba sai in ka riga ka ajiye masa hanya ta biyu mai lambar aminci sama da 1, wato lambar da rauta ke dubawa in za ta zaɓi hanya.

OSPF kuwa rautocin ne ke gaisawa su yi musayar abin da suka sani, kai naka kawai ka ce ga netwok ɗin da ke jikina. Ka shiga router ospf 1 sannan network 10.0.0.0 0.0.0.3 area 0, ka ƙara na kwamfutocin da 0.0.0.255. Wannan mas ɗin a juye yake, a nan yawancin masu koyo ke zamewa. Lambar 1 ɗin da ke cikin router ospf 1 ba dole ta zo ɗaya a rautocin ba, mutane na wahalar da kansu a kai a banza, abin da ya zama tilas su yi daidai shi ne area (yankin da aka sa rautocin a ciki) da lokacin gaisuwa, hello duk daƙiƙa 10, in an yi 40 ba a ji maƙwabci ba a ɗauka ya mutu. Abin da nake so da shi, yana nuna maka inda ciwon yake. Ka buga show ip ospf neighbor, in ka ga FULL sun fahimci juna, in ba kowa a jerin ka san tun a gaisuwa aka samu matsala. In kuma FULL ne amma babu harafin O, alamar OSPF, a teburin show ip route to ba ka tallata netwok ɗin kwamfutocin ba, wato kuskuren nan naka dai zai iya biyo ka har can.

Ni a ganina, ga rauta biyu da layi ɗaya static ya wadatar, kuma wanda bai gane maganar hanyar dawowa a nan ba OSPF ɓoye masa kawai zai yi har ranar jarabawar CCNA, ta satifiket ɗin netwok na Cisco, ta tona. Ka gyara wannan ya yi aiki, sannan ka ƙara Shika ka haɗa su ukun kowacce da kowacce, ka sa OSPF, ka kashe layin Samaru da Kongo da shutdown ka yi tracert ka ga ya bi ta Shika.

Amma ka goge tsofaffin static ɗin da no ip route kafin nan, don lambar amincinsu 1 ce ta OSPF kuma 110, rauta ƙarama take ɗauka, sai ka zauna kana murna OSPF na aiki alhali static ne ke jan kayan. Kuma don Allah ka dinga yin copy running-config startup-config kana sebin fayil ɗin, kar a ɗauke wuta batir ya mutu ka dawo ka tarar da wayam. In ka gyara Kongo ka turo mana show ip route na duka biyun mu gani.