Wasiƙa daga Mancesta: masu sikila da masu hawa duwatsu dominsu

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaishe min da Inna da kyau. Yaya jikin autanki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaye ni yadda ake kula da masu sikila a Ingila. Su a nan suna lissafa ta cikin cututtukan da ba kasafai ake gani ba, wato waɗanda ba sa kama fiye da mutum 1 cikin 2,000. Masu ita a duk ƙasar ba su kai 20,000 ba. Mu kuwa a Najeriya jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Amma da yake tsiraru ne, sai suka haɗa kansu, suna da ƙungiya ta ƙasa tun 1979, ga kuma ƙananan ƙungiyoyin iyaye a garuruwa.

Ta hannun wata irin wannan ƙungiya na shiga tattakin tara kuɗi a duwatsu uku na yankin Yorkshire a arewacin Ingila: Pen-y-ghent, Whernside da Ingleborough. Tafiyar mil 24 ce, ana so a gama cikin awa 12. Ba wanda aka biya ko sisi. Mai jagora malamin makaranta ne, mai riƙe da akwatin magani nas ce da ta sadaukar da ranar hutunta, wani dattijo kuma ya jira mu a gindin dutse da shayi da biredi a bayan motarsa. Da yawansu ba su da mai sikila a gida. Wata Baturiya ta ce min ɗan maƙwabciyarta ne ya sa ta fito. Wallahi sai da idona ya cika.

Yadda suke tara kuɗin ne na fi so ki ji. Kowane mai tattaki yana buɗe shafi a intanet, abokan aiki da dangi su zuba abin da suka iya, kowa yana ganin jimilla tana hawa. Idan mai bayarwa yana biyan haraji, gwamnati na ƙara kwata a kan duk fam ɗaya, tsarin da suke kira Gift Aid. Bayan an gama, ma'aji ya turo mana bayanin inda kowane fam ya shiga. Wannan lissafin a fili shi ya sa mutane ba sa jin nauyin sake bayarwa baɗi. Da samarin unguwarmu za su hau Dala da Goron Dutse da irin wannan tsari, na tabbata 'yan Kwari da Kurmi ba za su hana ba, don ba hannun kyauta muka rasa ba.

Za ki ce, asibiti ba kyauta ba ne a can? Kyauta ne. Amma asibiti ba ya biyan kuɗin ɗumama ɗaki, kuma kin san yadda sanyi ke tayar da ciwon. Ba ya biyan kuɗin mota da tsakar dare. Babban mutum mai sikila a Ingila yana biyan fam 9.90 a kan kowane magani da likita ya rubuta, sai dai an yafe wa yara da wasu rukunin mutane. Waɗannan ramukan kuɗin tattaki ke cikewa. Sannan ga kaɗaici. Ranar da ciwon autanki ya tashi, Inna na gefen gado, Gwaggo ta kawo kunu, maƙwabta sun kwashe sauran yaran. A nan na ga uwa ita kaɗai a wani asibiti, ɗa na murƙususu, ƙaninsa goye a bayanta, ba mai karɓar ta. Ƙa'idarsu ta ce a ba da maganin zafi cikin minti 30 da isowa, amma ranar ta jira fiye da haka nesa ba kusa ba. A wannan fannin mun fi su, ba ni da shakka.

Kayan tafiya kuwa, takalmin hawan dutse da rigar ruwa sababbi tsada gare su, amma suna da ƙwari. Ni a kantin gwanjo na ƙungiyoyin agaji na sayi nawa, inda cinikin ma sadaka yake tafiya.

Kin ji labarin sabon maganin nan Casgevy da ke gyara ƙwayar halitta, wanda aka amince a fara bayarwa a asibitocin gwamnati a farkon 2025. Kuɗinsa ya haura fam miliyan ɗaya da rabi, kuma kaɗan ne za su samu. Kada ki sa ranki a kai. Abin da ke raya yaransu mai araha ne. Jariri na kwana 5 ake ɗiban jini a diddigensa, a san matsayinsa kafin ciwo ya fara. Daga wata 3 a ɗora shi kan penisilin kullum, ga allurar rigakafi. Daga shekara 2 a riƙa yi masa hoton jijiyoyin kai duk shekara don a tare shanyewar ɓarin jiki. Jini ma ba a cewa dangi su kawo ko su saya, kodayake nau'in da ya fi dacewa da mu yana ƙaranci saboda baƙaƙen fata masu bayarwa ba su da yawa. Dokar gwajin jini kafin aure da Kano ta yi a 2024 ta yi kyau ƙwarai, sai dai waɗanda aka riga aka haifa fa?

Don Allah, Yaya, ranar da za ku koma asibiti ki tambayi likita ko yaron ya isa a ɗora shi kan hydroxyurea, wato maganin da ke rage yawan tashin ciwon sikila, da kuma inda ake hoton jijiyoyin kai a nan Kano. Ki rubuto min kuɗin kowanne, da na magani na wata uku, zan turo ƙarshen wata in sha Allahu.

Ƙaninki.