Wasiƙa daga Ohayo zuwa ga Autanmu da ya fara koyon walda

Assalamu alaikum Auta,

Da fatan kana lafiya, da Inna da kowa na gida. Hoton ƙofar da ka taya maigidanka haɗawa ya iso, na buɗe shi sosai har na ga layin waldarka a jikin angul. Hannunka zai faɗa, in sha Allahu. Ka ce elektirod, wato sandar wayar da ake narkarwa a haɗa ƙarfe, na yawan maƙale maka, shi ya sa kake so in aiko maka da irin na Amurka. Ka yi haƙuri ka karanta wannan tukuna, don ina ganin matsalar ba ta kai nan ba.

A Ƙofar Ruwa, in mutum ya je saye, abin da yake cewa shi ne a ba shi geji 12 ko geji 10, shi ke nan. Kauri kawai muke tambaya. A nan kuwa, ranar da na fara shiga shagon kayan walda a Kolombus, mai shagon bai miƙo mini komai ba sai da ya ji wane irin ƙarfe zan haɗa, kaurinsa nawa, da irin wutar da injina ke bayarwa. Kanta guda ce cike da kwalaye da gwangwanaye, ana sayarwa da awo, daga laba 1 har gwangwanin laba 50, ko wane da lambarsa. Wannan jiha gidan walda ce: kamfanin Lincoln Electric mai ƙera kayan walda yana birnin Kilibland tun 1895, makarantar koyon walda ta Hobart kuma tana garin Troy.

Ka ɗauki elektirod ɗaya a shagonku ka duba gindinsa, kusa da inda ake damƙewa. Da wuya ka ga wata lamba ban da 6013. Wannan 60 ɗin na nufin haɗin zai jure jan laba 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Lamba 1 na nufin za a iya aiki da shi a kwance, a tsaye, har da saman kai. Ta ƙarshe, wato 3, tana faɗin irin ɓawon da aka lulluɓe shi da shi da wutar da yake karɓa. Shekara nawa na yi ina ƙona shi a gida ban san lambar tana magana ba, kuma abin yana damuna har yau, domin bayanin minti biyar ne da babu wanda ya tsaya ya yi mana.

Wanda aka fi ji da shi a nan wajen ginin ƙarfe shi ne 7018. Layinsa sumul, haɗinsa ba ya saurin tsagewa, amma ɗan gata ne. Ɓawonsa na shan danshi, danshin kuma ya shigar da iskar haidirojin cikin haɗin, daga baya ya tsage. Don haka a gwangwani rufaffe yake zuwa, in an buɗe sai a zuba shi a wata 'yar tanda mai zafin kusan digiri 120 na ma'aunin Salsiyas. A wajen aikinmu wanda ya wuce awa 4 a waje ba a yarda a taɓa ginshiƙi da shi. To ka tuna damina a Kano, da kwalin da ake barin sa a buɗe ƙarƙashin benci. Ga shi kuma yana wahalar kamawa a kan injin da aka naɗa a gida. Akwai 6010 na masu haɗa bututu, mai huda ƙarfe da zurfi, shi kuma sai injin DC, wato mai ba da wuta irin ta batir. Ɗan'uwansa 6011 yana karɓar AC, wato wuta irin ta gidaje, yana cin tsatsa da fenti, amma a kan siririn fayif ɗin da kuke yin ƙofa da taga huda shi zai yi ta yi maka. Aikinku na 6013 ne, Auta. Wanda ke hannunka shi ne daidai, ka dai ajiye shi inda ruwa ba ya kai wa.

Maƙalewar nan wuta ce ta yi kaɗan, ko kuma wayar da kuke damƙa wa ƙarfe ba ta zauna a wuri mai tsabta ba. Geji 12, wato milimita 2.5, yana son amfiya 70 zuwa 90. Geji 10, milimita 3.2, yana son wajen 90 zuwa 130. Na san injinku ba shi da allon da zai nuna maka lamba, don haka ka yi aiki da kunne da ido. In wuta ta yi kaɗan, layin zai taru kamar igiya a saman ƙarfe bai shiga ba. In ta yi yawa, tartsatsi zai cika wuri, elektirod ya yi ja tun bai kai rabi ba, gefen layin ya zaizaye. In ta daidaita za ka ji ƙara kamar ana suyar ƙosai, kuma kashin da ya rufe layin yakan ɗago da kansa in ya huce. Wajen kunnawa ka karta shi kamar ashana, kada ka dangwara ka tsaya. Tazarar bakinsa da ƙarfe kada ta wuce kaurin wayar da ke cikinsa. Ka karkata shi kaɗan, digiri 10 zuwa 15, ka ja shi zuwa inda kake tafiya, domin in ka tura gaba kashin zai shige cikin haɗin.

Abin da malaminmu na makarantar dare ya fi nanatawa shi ne a daina kallon haske, a kalli narkakken ƙarfen da ke bayan wutar. A nan ne kayan nan suka fi namu nesa ba kusa ba. Da baƙin tabarau ko guntun gilashi a hannu ba za ka taɓa ganin narkakken ƙarfen ba, sai dai ka yi ta ɗiga walda ido a runtse. Hular da ake sawa a nan tana rufe fuska duka, gilashinta na yin duhu da kansa da zarar wuta ta kama, hannuwanka biyu suna kan aiki. Duhun lamba 10 ko 11 ya ishe ka. Na tuna dararen da na kwana ido kamar an zuba yashi, ba na so ka san wannan azabar. Haka kuma in za ka haɗa fayif mai rufin zinki, ka gurje wurin da giranda ka tsaya inda iska ke kaɗawa, farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Wajen gyara kuwa gida ya fi. A nan in ƙafar kujera ta karye, kuɗin kiran mai walda ya fi na sabuwa, sai a jefar. Babu mai walda a bakin titi da zai liƙa maka salansa kana tsaye kuna gaisawa. Amma ba a ba mutum aikin gini don an san ubansa ko maigidansa. Faranti biyu za a ba ka ka haɗa a tsaye daga ƙasa zuwa sama, a yanko, a lanƙwasa a inji kamar baka. In ya buɗe, ka faɗi.

Hula da safar hannu ta fata na riga na saya, suna cikin jakar da zan ba mai tahowa bayan Sallah. Injin da ka tambaya, ɗan ƙaramin nan da ake rataya a kafaɗa, sai na sami mai karɓar wuta iri biyu, saboda wutar gidaje a nan bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Kafin nan ka roƙi maigidanka guntun faranti mai kauri, ka riƙa jan layi goma a kai kullum bayan an tashi, ka ɗauko mini hoto ranar Juma'a.

Ka gaishe shi da kyau, ka ce wa Inna ina neman addu'a.

Yayanka