Sirdin kaza: yana kare baya, amma ba ya raba faɗa

Za ka ga kaza ɗaya a cikin garke bayanta ya saɓule, gashin ya kakkarye daga tsakanin fukafukai har kusa da wutsiya, fatar ta yi ja, ga wasu 'yan zane-zane na farce a gefen haƙarƙari. Mai kaji ya duba ko'ina, babu zakara a gidan. To wa ke taka ta? 'Yar'uwarta ce. Kaza kan hau kaza kamar yadda zakara ke yi, ta kama gashin ƙeyarta da baki, ta tattaka bayanta, musamman a garken da ba zakara. Ba barbara ba ce, kuma ƙwan da za a saka ba zai ƙyanƙyashe ba. Nuna isa ne. Tun 1921 masanin dabbobi ɗan ƙasar Nowe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana cewa kaji suna da jerin girma a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Hawan baya wani salo ne na wannan mulki. Wadda ta fi shan wahala ita ce sagarar da ta kusa fara ƙwai, don a wannan lokacin da zarar an matso kusa da ita sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai, babbar kuwa ba ta barin wannan dama.

Don irin wannan matsala ake sayar da sirdin kaza, wanda tun asali an yi shi ne saboda zakara mai yawan taka kaza ɗaya. Ƙyalle ne mai kauri da aka yanka daidai fasalin baya, da madaurin roba da ake zura fukafukai a ciki. Akwai mai roba ɗaya doguwa da ke ratsa wuyan sirdin ta fito hagu da dama, akwai mai madauri biyu daban-daban, akwai kuma mai 'yan kunnuwa da ke rufe kafaɗun fukafukai. A aikin da aka yi shi dominsa, wato hana farce isa fata, ba shi da makusa. Ciwon da ba a sake tattakawa yakan bushe cikin 'yan kwanaki, kuma sauran kajin da jan fata ke jawo su sara sun daina ganinta.

Sai dai duk amfaninsa yana ga zaɓen girma da yadda aka ɗaura shi. Kafin ka saya, auna kazar daga gindin wuya zuwa ɗan ƙululun mai da ke saman wutsiya. Dole sirdin ya tsaya kafin wannan ƙululun, domin daga nan take ɗibar man da take gyara gashinta da shi. Sirdin da ya yi tsawo yana hana ta wannan gyara, wanda ya yi gajarta kuma yakan bar wurin da farce ya fi sauka a buɗe. Wajen sakawa, dare ya fi, lokacin da kaji suka natsu a kan sandar kwana. Riƙe ta a hammata, ka zura fiffike ɗaya gaba ɗayansa cikin madauri, ka shimfiɗa ƙyallen, sannan ɗayan. A hankali za ka lanƙwasa fiffiken yadda yake naɗewa da kansa, kada ka ja shi sama. Daga nan ka bi robar da yatsa ka fito da duk gashin da ya maƙale. Yatsa ɗaya ya kamata ya shiga tsakanin roba da jiki. In bai shiga ba ta matse, za ta goge fatar ƙarƙashin fiffike har ta yi gyambo. In biyu suka shiga a sake, sirdin zai karkace gefe, ko kazar ta sa ƙafa a cikin madaurin garin susa ta harɗe.

Kada ka tsorata da abin da za ta yi da safe. Wata takan yi ta tafiya da baya, wata ta faɗi gefe, wata ta tsaya cak kamar an dasa ta. Yawanci kafin yini ya ƙare ta saba. Wadda ta wuce kwana ɗaya ba ta ci ba ta sha, a cire mata a sake duba girman.

Ƙyallen da ya fi shi ne auduga mai kauri irin na wandon jins, ninki biyu. Mai leda a ciki da ake tallatawa wai ba ya shan ruwa, shi ne ya fi cutarwa a lokacin zafi: kaza ba ta gumi, zafin jikinta kuwa kusan digiri 41 ne, don haka rufe mata baya da abin da iska ba ta ratsawa zalunci ne. Na audugar ma in ruwa ya jiƙa shi sai a sauya, shi ya sa sayen biyu ga kowace kaza ya fi. A guji ja da mai ɗigo-ɗigo, domin su ne ke jawo sauran kaji su kai sara. Babban aibin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne ƙwarƙwata da ƙuma. Ƙarƙashin sirdi akwai ɗumi da duhu, kuma ƙurar birgima ba ta shiga sosai. Ɗaga shi duk bayan kwana biyu ko uku ka duba gindin gashi, a wanke shi mako-mako. Kuma ba a rufe ɗanyen ciwo da shi. A wanke ciwon, a shafa aidin, a ware kazar har ya bushe tukuna.

Inda mutane ke jin an cuce su shi ne maganar tsirowar gashi. Gashin da aka tuge da saiwarsa yakan dawo cikin mako huɗu zuwa shida. Wanda ya karye ya bar kututture a fata ba zai dawo ba sai lokacin da kazar ta zubar da gashi ta sake sabo, ko da ta shafe watanni da sirdi. Laifin ba na ƙyallen ba ne.

Abin da sirdi ba ya taɓawa ko kaɗan shi ne kai da ƙeya da zanko, inda mai hawan ke kamawa da baki, kuma bai rage mata hali ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan sai an gyara zaman gidan. Cunkoso ne kan gaba: kowace kaza tana son kusan murabba'in mita ɗaya a filin kiwo, santimita 20 zuwa 25 a kan sandar kwana, da gurbin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. A sa mazubin abinci da na ruwa biyu-biyu nesa da juna, yadda babbar ba za ta iya tsare duka ba, a jingina katako ko wani abu da ƙaramar za ta ɓuya a bayansa. In abin ya ƙi, mai cin zalin ake warewa, ba wadda ake zalunta ba. A kai ta inda ba ta ganin sauran na kusan mako guda. Sau da yawa in ta dawo ta tarar wata ta karɓe matsayinta a jerin girma. Kawo zakara yakan kashe wannan hawan, amma in kajin ba su kai takwas zuwa goma ba, shi ma saɓule musu baya zai yi.

Akwai wadda lamarinta ya wuce mulki. In mai hawan ta daina ƙwai, zankonta ya girma, ta fara cara, wataƙila ciwo ne a ciki. Gidan ƙwai biyu ne a cikin kaza, hagu da dama, amma na hagu kaɗai ke yi mata ƙwai. In ƙari ko cuta ta lalata shi, na dama da ke kwance yakan farka ya riƙa fitar da sinadarin namiji. Irin wannan likitan dabbobi za a kai wa, warewa ba ta sauya ta.

Ga mai garken da ake saɓule wa kaza ɗaya ko biyu baya, sirdin auduga mai madauri biyu ya cancanci kuɗinsa, mai kunnuwa kuma sai in kafaɗun ma sun sale. A bar shi har sabon gashi ya fito daga kubensa ya rufe fata, domin ɗanyen gashi yana da jini a ciki, in aka sare shi yakan zuba sosai.