Yaran da ke kwashe mana shara: aiki na kyau, amma sai mai kuɗi

Mutane sun dame ni da tambaya a kan matasan nan masu kwashe shara da muka shiga tsarinsu a layinmu, wai da gaske suna zuwa ko kuwa irin abin nan ne da ake farawa da zafi wata biyu a ji tsit. To suna zuwa. In maki ne zan ba su bakwai cikin goma, kuma ukun da na riƙe ɗin ma ba duka ne laifinsu ba.

Ga wanda bai san su ba, wasu samari ne a nan cikin garin Katsina, yawancinsu sun gama karatu ba aiki, suka haɗa kuɗi suka sayi a-kori-kura guda da baro kamar uku. Ba zan kama sunan kamfanin ba, kar a ce talla nake masu, kar kuma su ce na ɓata masu kasuwa. Talata da Asabar suke zuwa da safe, N3,000 a wata ga gida ɗaya, gidan haya mai ɗakuna da yawa kuma sai yadda kuka sasanta. Za su ba ka manyan buhuna biyu, in kana son rabin duro mai marfi ka ƙara kuɗi. Ana biya ta taransifa ko hannu da hannu kuma suna ba da rasit, wanda wallahi ya burge ni don akwai manyan wurare a garin nan da za ka biya kuɗi ka nemi rasit a dube ka kamar ka yi zagi.

Abin da ya fi kwanta mani a rai shi ne sun san gidan mutane. Ba sa wuce zaure. Yaron da ke gaba zai tsaya bakin ƙofa ya yi sallama, "Salamu alaikum, Hajiya a fito da shara", in ba yaro a gidan da zai fito da ita sai ya juya baya ya jira a turo buhun zaure sannan ya ɗauka, ba leƙe ba surutu. Akwai wata dattijuwa a ƙarshen layinmu da ƙafa ta hana ta sakat, ba ta cikin masu biya, amma na sha ganin ɗayansu ya ajiye baro ya ce "Inna kawo in tafi maki da ita", ita kuma tana ta "Allah shi yi maku albarka, Allah shi ba ku masu yi maku". Wannan ba ya cikin yarjejeniya, tarbiyya ce kawai.

Kafin su zo, kowa ya san yadda ake yi. Da sassafe a ɗora ma yarinya tsohon baho cike da shara ta kai juji, ta dawo ta wanke hannu ko ma ba ta wanke ba ta sha koko ta ruga makaranta a makare. Ko kuma a ba almajiri naira ɗari, shi kuma bawan Allah da ke da gidaje biyar a gabansa bai karya ba, ina zai iya zuwa juji, lambatun farko da ya samu ba mai kallonsa nan zai juye. Ni ban ga laifinsa ba. Jujin namu kuma ba ko'ina yake ba sai bayan firamaren unguwa, daidai tagar aji, yara na karatu ƙuda na shiga, ranar da aka cinna ma jujin wuta hayaƙin roba ya cika ajin malamai su fito da yara gindin bedi. Yanzu dai yaran gidana sun huta da ɗaukar baho, kuma ƙofar gida ta yi fes. Ban ce sauro ya ƙare ba, sauron Katsina sai Allah.

Sai inda suka gaza. Motar ta tsufa, kuma duk ranar da ta kwanta a gareji ba wanda zai kira ka ko ya turo saƙo, sai dai ka ga Asabar ta wuce shara na nan awaki sun farke buhun sun watsa ma maƙwabta. Lambar da suka bayar rabin lokaci a kashe take. Motar kuma ba rufi, lokacin hunturu in suka hau titi iska na kwasar leda tana mayar ma gari abin da aka kwashe. Abin da ya fi damuna shi ne su kansu yaran, silifas a ƙafa, hannu ba safa, kuma cikin sharar nan akwai fasasshiyar kwalba, akwai reza, akwai allurar da masu kemis ke zubarwa. Na yi ma shugaban nasu magana ya ce "Alhaji in muka sayi but da safar hannu wannan watan ba mu da na mai". Na yarda da shi rabi, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 duk mai sana'a da mota kuka yake, amma safar hannu nawa take.

Na kuma tambaye shi ina suke kai sharar, ya ce wani tsohon kududdufi a bayan gari inda aka haƙi ƙasar gini. Robobi da gwangwanaye da ƙarfe suna ware ma 'yan bola jari su sami ɗan na cefane, sauran a zube, in ta taru a sa wuta. Kenan an ɗauke ta daga ƙofar gidana an kai ta ƙofar wani da ba shi da bakin magana. Da can ba haka abin yake ba, juji dukiya ne, kafin damina manoma daga ƙauyukan kewaye ke zuwa da jakai da amalanke su kwashe shi su kai gona ya zama taki, har godiya suke. Leda ce ta kashe wannan. Ledar fiya wata da baƙar ledar cefane ba sa ruɓewa, manomi ya zuba a gona shekara ta zagayo yana tono su da fartanya, dabba ta ci ta rame ta mutu, ka tambayi kowane mahauci a kwata zai gaya maka irin dunƙulen ledar da suke fiddawa daga tumbin saniya.

Duk wannan ma da sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke iya biya. A layinmu masu albashi ne da 'yan kasuwa suka shiga, mai facin taya bai shiga ba, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu tana sayar da ƙosai ba ta shiga ba, gidan hayar da ke tsakiya an kasa haɗa kan mutanen ciki. Su har yanzu lambatu ne jujinsu, kuma ba ƙazanta ba ce, wanda ke lissafin kwanon masara ba zai ware dubu uku don shara ba. To da ruwan Agusta ya sauko kwalbati ta toshe, ruwan bai tsaya duba rasit ba, gidan wanda ya biya da na wanda bai biya ba duka ya shiga, katangar ƙasa ta masu ƙaramin ƙarfi ce ma ta fara zubewa. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 da ta ci rayuka da dama ya san ruwa ba abin wasa ba ne a jihar nan.

Kuma fa aikin nan asalinsa ba na samari masu a-kori-kura ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ƙarara, kwashe shara na ciki, da ban-ɗakunan jama'a, da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da gyaran magudanun ruwa, sannan da hannunta a firamare da kiwon lafiya. Wato jujin da ke bayan makaranta da makarantar kanta duka a wuyan hukuma ɗaya suke. Iyayenmu na ba da labarin duba-gari na zamanin En'e da ke shiga gida ya buɗe randa ya duba, ya ga tsutsa a ci ka tara, mu kuma mun ji na WAI, shirin yaƙi da rashin ɗa'a, lokacin Buhari da Idiagbon a 1984 da 1985 da aka sa mutane share gari dole. Ba ina kewar bulala ba ne, amma aƙalla a lokacin an san akwai mai alhakin abin.

Shekara da shekaru uzurin ciyamomi shi ne kuɗin na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura ma ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kason da ya kai kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kodayake an yi ta ja-in-ja a kan aiwatar da hukuncin. Mu nan Katsina an yi zaɓe a Fabrairun 2025, ciyamomi 34 da kansiloli 361 sun hau kujera. To ni a ganina, kafin rabon babura da kekunan ɗinki da ake ɗaukar hoto a watsa a Facebook, ga aiki nan a ƙasa wanda ba ya buƙatar wata kwangila ta biliyan. Samarin nan sun riga sun nuna ana iyawa. A ɗauke su a kowace mazaɓa, hukuma ta biya na gidajen da ba su da hali, a ba su but da safa da tamfol na rufe mota, a ware fili ɗaya nesa da gidaje da rijiyoyi, a kwashe jujin bayan firamare a zagaye ta da katanga a gina ma yaran ban-ɗaki, musamman 'yan mata da in sun fara girma rashin wurin kewayawa kaɗai ke sa wasu zama gida. Kansila a unguwa yake kwana, warin da muke shaƙa shi ma shi yake shaƙa.

Ga mai son shiga, ina ba da shawara ya shiga, amma kar ya shiga shi kaɗai. Ku haɗu layi guda ku je da mai unguwa a yi ciniki a dunƙule, farashin na sauka, kuma in kowa ya ɗora ɗari biyar a kan nasa za a iya sa gidaje biyu ko uku na marasa ƙarfi a ciki, mu abin da muke kan tattaunawa da su kenan yanzu kuma shugaban bai ƙi ba. Ku tambaye su inda suke zubarwa, ku karɓi lambar mutum biyu ba ɗaya ba. Kuma ko sun yi maka ragi kar ka biya kuɗin wata uku a gaba, biya wata-wata har sai sun canza mota.