Wace Kyamara Ce Ke Riƙe Doki a Guje?

Duk mai hoton da ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano ranar hawan daushe yana jiran jahi ya san wannan takaicin. Dawakai sun taso a sukwane, ka danna, gilashin gaban kyamara, wato lens, yana ta lalube gaba da baya, kafin fokas ya zauna mahayi ya ja linzami. Sai ka dawo gida da hotuna dishi-dishi, zuciya tana ce maka ka sake kyamara.

Dakata tukuna. Duba ko tana kan saitin fokas na One Shot ko AF-S, wanda ke kama abu sau ɗaya ya tsaya. Mayar da ita saitin da ke bin abu yana tafiya, wato AI Servo in Canon ce, AF-C in Nikon ko Sony ce, ka kai saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa. Da yawa nan matsalarsu ke ƙarewa.

In kuwa Canon 2000D ko 4000D ce a hannunka, laifin ba naka ba ne. Wuraren fokas, wato ɗigon da kyamara ke kama abu da su, tara kacal gare su, hoto uku a daƙiƙa. Sun isa ɗaurin aure da walima, amma ban da doki.

A cikin kyamarori masu madubi a ciki, wato DSLR, na hannu, biyu nake dubawa. Canon 7D Mark II ta 2014 tana da wuraren fokas 65, Nikon D500 ta 2016 tana da 153, kowacce hoto goma a daƙiƙa. Ni D500 zan ɗauka. Tana riƙe abin da ka ɗora ta a kai ko da wani ya gitta, jikinta yana jure ƙura, batirinta kuma yana kai ka yamma, abin da mai yini a filin hawa zai gode wa Allah a kansa. Aibinta nauyi, kuma kai ne za ka riƙa bin mahayin da hannunka. Ka tambayi adadin hotunan da ta ɗauka kafin ka biya.

Marasa madubi, wato mirrorless, sun zo da wani salo, su ke gane fuska da ido da kansu. Sony a6400 ta 2019 tana da wurare 425 da suka kusa cika allo, hoto 11 a daƙiƙa. Canon R10 ta 2022 tana ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa, tana gane mutum da dabba da mota, kuma da adafta tsofaffin gilasanka na EF, wato na Canon masu madubi, za su yi aiki a kanta. Sai dai rawani da amawali sukan rufe fuska, ƙura ta ƙara nata, sai kyamara ta tsallake zuwa wani dogari a gefe. A irin wannan wurin ka taƙaita mata yanki a tsakiya. Batiri kuma ka sayi biyu ko uku.

Gilashi fa? Nan mutane ke tsuke aljihu, su yi asara. Tsohon Canon 75-300 marar USM, injin fokas mai sauri, zai jinkirta kowace kyamara ka ɗaura shi a kai. 55-250 STM ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, haka AF-P 70-300 a ɓangaren Nikon.

Mai gilasan Canon ya nufi R10, mai na Nikon ya nemi D500 mai lafiya. A shagon kuma kada ka gwada ta a kan kwalin da ke ajiye. Fita bakin titi, ka bi mai babur da ke tahowa wajenka, ka ɗauki goma a jere, ka ƙirga nawa suka fito tas.