Wakilan haraji a Gusau: aikin da ya cancanci kuɗinka da wanda bai cancanta ba

Mai makarantar kuɗi, mai kemis, dillalin hatsi da ke lodi daga Talatar Mafara ko Ƙauran Namoda, duk wanda takardar ƙiyasin haraji ta zo masa da adadin da ya ɗaga masa hankali, wurin wakilin haraji yake nufa. Wasu akantoci ne, wasu lauyoyi, wasu kuwa sanin ma'aikatan ofis kawai suke sayarwa. A ganinmu aikin ya cancanci a biya shi, amma sai in wakilin mai kiyaye kwanan wata ne.

Dokar Gudanar da Haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta ba mai biyan haraji kwana 30 daga ranar da ƙiyasi ya iso hannunsa ya ƙi amincewa a rubuce. Ita kuma hukumar haraji kwana 90 gare ta ta ba da amsa, in ta yi shiru har wa'adin ya cika, ana ɗaukar ƙorafin a matsayin karɓaɓɓe. Wannan babban sauyi ne, domin a da ƙorafi kan kwanta a fayil ba ranar tashi, mutum na ta sintiri.

Wakilin kirki tambayarsa ta farko ita ce: "Alhaji, yaushe aka miƙo maka takardar, wa ya sa hannu ya karɓa?" Daga nan yake fara ƙirga. Ba ya rubuta "kuɗin sun yi yawa" ya tsaya. Zai ware kowane adadi da ake jayayya a kansa, ya kawo dalili, ya faɗi kuɗin shigar da ka amince da su da harajin da ya hau kansu, ya haɗa da bayanan asusun banki, rasitan sayen kaya da littafin albashi. Sannan ya kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ya dawo maka da shi. Ajiye shi kamar takardar gida, domin in babu shi, ba ka da shaidar ranar da kwana 90 ɗin suka fara.

Inda aikin ke lalacewa shi ne wakilin "bari in je in gan su". Yau shugaban sashe ya yi tafiya, gobe an ce fayil na sama, sai kwana 30 su shige ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Ƙiyasin ya tabbata ke nan, tara da kuɗin ruwa su fara hawa. Alkawarin baka ba ya tsayar da wa'adi. Wasu kuma sukan karɓi kuɗin harajin a hannu su ce za su biya. Kada ka yarda, biya ta banki da sunanka da lambar harajinka, ka riƙe rasit.

Wani kuskuren shi ne kai takarda ofishin da ba nasa ba. Harajin ɗan kasuwa mai zaman kansa da wanda ake cirewa daga albashin ma'aikata na Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Zamfara ne, harajin ribar kamfani kuwa na hukumar tarayya.

Idan hukuma ta amsa cewa ba za ta gyara ba, akwai wasu kwana 30 na zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke Kaduna. Ƙa'idojinta na 2021 sun amince da shigar da ƙara da sauraronta ta intanet, abin da ke rage wa mutumin Gusau bin hanyar Tsafe da Funtuwa. A nan wakilai da yawa ke gazawa, gara a haɗa da lauya. In matsalar jan ƙafa ce ko wulaƙanci, akwai sabon ofishin sauraron koken masu biyan haraji da dokokin 2025 suka kafa.

Kafin ka ɗauki wakili, nemi shaidar rajistarsa da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwararru, wato CITN ta masana haraji, ko ICAN ko ANAN na akantoci, ku rubuta kuɗin aikinsa, kuma ya yarda zai riƙa ba ka kwafin duk wasiƙar da ta fita da sunanka.